Ciwon Shan Kaye: Wa Ke Jinyar Magoya Baya Bayan Zaɓe?

A siyasar ƙasar nan an yi wa ranar nasara tanadi na musamman. Akwai mawaƙa da makaɗa, akwai jerin gwanon motoci da babura, akwai anko da walimar godiya. Ranar faɗuwa kuwa babu wanda ya taɓa yi mata shiri, alhali babu zaɓen da ake yi ba tare da ita ba. A ranar 20 ga Maris 2023, da aka bayyana cewa Abba Kabir Yusuf na NNPP ya lashe zaɓen gwamnan Kano da ƙuri'a 1,019,602, akwai wasu mutum 890,705 da suka zaɓi Nasiru Yusuf Gawuna na APC. Su ma 'yan Kano ne, kuma da yawansu sun kwana da abin da ba su da sunan da za su kira shi. Shekara huɗu kafin nan ɗaya ɓangaren ne ya kwana da irinsa.

Wannan ciwo ya fi tsanani a ƙaramin gari, irin Lausu da ke ƙaramar hukumar Rano, ko Tarai da Durba a Kibiya. Ra'ayina shi ne ciwo ne na gaske, yana da dalilai da za a iya ganewa, kuma yadda muke tafiyar da shi yana cin zumunci da lafiya fiye da yadda faɗuwar kanta ke ci.

Wata goma ba a sauke numfashi ba

Mutanen Kano sun ɗanɗana faɗuwa iri biyu a jere, kowacce da nata ɗacin. A zaɓen 9 ga Maris 2019 Abba Kabir Yusuf, a lokacin yana PDP, yana gaba da tazarar ƙuri'a 26,655 sa'ad da hukumar zaɓe ta ce zaɓen bai kammalu ba. Aka sake zaɓe a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris, ciki har da mazaɓar Gama, aka bayyana Abdullahi Umar Ganduje da tazarar 8,982. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a Janairun 2020. Magoya bayan da suka riga suka fara murna sai suka wayi gari a wani hali dabam, kuma har yau kalmar "inkwankulusib" tana tayar da tsohon miki a majalisun hira.

Na 2023 ya fi jan rai. A watan Maris NNPP ta yi murna, APC ta yi jimami. Ranar 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'a sama da 165,000 daga cikin na Abba, ta ba Gawuna nasara, har aka sa dokar hana fita a Kano. Ranar 17 ga Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi bayanta. Ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta rushe duka hukuncin biyu, ta bar Abba a kujerarsa. Cikin kusan wata goma, babu ɗan siyasar Kano da bai yi murna ba, babu kuma wanda bai sha kaye ba.

Wannan yana da muhimmanci domin zuciya tana iya jure mummunan labari idan ya tabbata. Abin da ke gajiyar da ita shi ne jira. Wanda aka yi wa rasuwa yana zaman makoki, a yi addu'a, a watse, ya soma koyon rayuwa. Wanda ɗan'uwansa ya ɓata kuwa kullum kunnensa na bakin ƙofa. Shari'ar zaɓe ta mayar da dubban mutane irin na biyun: kullum waya a hannu, kullum rediyo a kunne, ana jiran wani lauya ko wani sojan baka ya faɗi abin da zai sa a yi barci.

Dalilin da ya sa yake da zafi haka

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa zafin asara ya fi daɗin riba. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana haka a 1979, kuma ƙiyasin da suka yi daga baya ya nuna asara tana yi wa mutum nauyi kusan ninki biyu na ribar da ta yi daidai da ita. Jiki ma yana shiga ciki. A daren zaɓen Amurka na 2008 masu bincike sun auna yawun masu zaɓe, suka tarar sinadarin kotizol, wanda jiki ke saki lokacin fargaba, ya ƙaru a jikin magoya bayan John McCain bayan an faɗi sakamako. Saboda haka mutumin da ya ce tun ranar zaɓe abinci ba ya masa daɗi, ko barci ya ƙaurace masa, ba raki yake yi ba.

Wani binciken da Lamar Pierce da Todd Rogers da Jason Snyder suka yi kan zaɓen 2012 ya nuna baƙin cikin waɗanda suka faɗi ya yi tsanani ƙwarai, amma ya lafa cikin kamar mako guda. Wannan labari ne mai kwantar da hankali, sai dai makon Amurka ne. A can, wanda jam'iyyarsa ta faɗi yana komawa bakin aikinsa ranar Laraba, albashinsa na nan, makarantar 'ya'yansa na nan. A Lausu abin da ake ganin an rasa ya wuce alfahari.

Na farko, akwai abinci. Sanin kowa ne cewa a ƙauyukanmu rabon takin gwamnati, da guraben aikin malanta ko na lafiya, da tallafin jari, da kujerar Hajji, da wurin da za a haƙa rijiyar burtsatse, duk ana ganin suna bin layin jam'iyya. Tsarin kuma ba ya rage wa wanda ya faɗi komai. A zaɓen ƙananan hukumomi na Janairun 2021 APC ta kwashe shugabanni 44 da kansiloli 484. A na Oktoban 2024 NNPP ta kwashe 44 da 484. Ko kansila guda ba a bar wa ɗaya ɓangaren ba a duka lokutan biyu. Hatta martabar gari tana iya juyawa da zaɓe. Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ta samu masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe ta a Mayun 2024, aka dawo da ita da daraja ta biyu a Yulin shekarar. Mutumin da ya ga haka da idonsa ba za a ce masa zaɓe wasa ne ba.

Na biyu, akwai bashi. Wakilin akwati da shugaban matasa da shugabar mata sukan zuba nasu a tafiyar: kuɗin mai, kuɗin abincin taro, wani lokaci har akuya ko buhun hatsi, bisa alkawarin cewa in an ci za a gani. In an faɗi, ɗan takara ya koma Kano ko Abuja, wayarsa ta daina shiga, mai bin bashi kuwa yana unguwa ɗaya da wanda ya ci.

Na uku, akwai ido. A birni mutum na iya ɓuya cikin jama'a. A garin da masallacin Juma'a ɗaya ne, kasuwa ɗaya, maƙabarta ɗaya, wanda ya kayar da kai shi ne maƙwabcin gonarka, ko surukinka, ko mai shagon da kake cin bashi. Habaici yana iske ka a wurin mai shayi, waƙar zambo tana shigowa ta katanga daga lasifikar maƙwabta. Kunya ce ke tsawaita ciwon, ita ce kuma ke juya shi ya zama gaba.

Manya na shiryawa, ƙanana na riƙe da gaba

Duk wanda ke shirin yanke zumunci saboda zaɓe ya kamata ya fara duba tarihin waɗanda yake yi dominsu. Ganduje ya yi wa Rabi'u Musa Kwankwaso mataimaki sau biyu, daga 1999 zuwa 2003 da kuma daga 2011 zuwa 2015, kafin su raba gari. Malam Ibrahim Shekarau shi ya kayar da Kwankwaso a 2003, amma a 2022 sun zauna inuwa ɗaya a NNPP na 'yan watanni. A Kano ta Kudu, Kawu Sumaila ya kayar da Kabiru Gaya a 2023, bayan Gaya ya riƙe kujerar sanata tun 2007, sannan a 2025 Kawu ya koma APC, jam'iyyar da ya kayar. Kabiru Alhassan Rurum, ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Rano da Bunkure da Kibiya, ya ci zaɓe a APC a 2019, ya ci a NNPP a 2023, ya koma APC a 2025.

Ban kawo wannan don zargin kowa ba. Kowannensu yana da hujjar da ya bayar, kuma sauya sheƙa ba a Kano aka fara ta ba. Abin lura shi ne su manyan sun ɗauki siyasa a matsayin tafiya mai zango-zango, suna barin ƙofa a buɗe. Mai goyon baya a ƙauye shi ke rufe tasa da kwaɗo. Idan ubangidansa ya shirya da abokin hamayya a wani ɗakin taro a Abuja, babu wanda zai zo Lausu ya shirya shi da ƙanin matarsa da suka daina gaisawa shekara biyu. Marigayi Waziri Ibrahim na GNPP ya yi suna a Jamhuriya ta Biyu da kiran siyasa ba da gaba ba. Manya sun ɗauki darasin a tsakaninsu, sun manta su sauko da shi ƙasa.

Haƙuri iri biyu

Da an faɗi zaɓe, kalmar da ke fara fitowa daga bakin kowa ita ce haƙuri, sai kuma a ce mulki na Allah ne. Gaskiya ne, kuma wannan imani garkuwa ce babba, domin yana sauke wa mutum nauyin da ba nasa ba ne. Amma haƙuri iri biyu ne, kuma muna yawan cakuɗa su.

Akwai haƙurin manomi. Damina ta yi gardama, gero bai yi ba, ya ce haka Allah ya so, sannan ya ware iri, ya kai taki gona, ya jira ruwan baɗi. Akwai kuma haƙurin wanda ya yanke ƙauna, ya ce Allah ya isa, ya jefa katin zaɓensa a ƙasan akwati. Na biyun yana yaɗuwa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 kusan kashi 27 cikin ɗari na masu rajista ne kawai suka fita, mafi ƙaranci tun 1999. Kowane mutum da ya janye saboda takaici yana sauƙaƙa wa mai sayen ƙuri'a aiki, domin yawan da zai saya ya ragu.

Tarihin Kano yana goyon bayan manomin. Malam Aminu Kano ya faɗi zaɓen majalisar tarayya a 1954 a hannun Maitama Sule, ya sake faɗuwa a na majalisar Arewa a 1956, sai a 1959 ya samu kujera. Kwankwaso ya faɗi a 2003 yana kan mulki, ya dawo a 2011. Muhammadu Buhari ya faɗi a 2003 da 2007 da 2011, ya ci a 2015. Wanda aka kayar a 2019 shi aka rantsar a 2023. Duk da haka bai kamata a yi wa kowa alkawarin cewa juyi zai zo kansa ba. Malam Aminu ya nemi shugabancin ƙasa a 1979 bai samu ba, ya rasu a Afrilun 1983 ana shirin wani zaɓen. Bai taɓa zama gwamna ko shugaban ƙasa ba, amma filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa suna ɗauke da sunansa, gidansa na Mumbayya ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Abin da ya tsaya a kai ya fi ƙuri'un da ya samu tsawon rai. Wanda ya shiga siyasa saboda makarantar garinsu ko asibitinsu bai rasa dalilinsa ba don ɗan takararsa ya faɗi.

Idan kuma mutum ya yi imani an yi masa maguɗi fa? Wannan ne ciwo mafi wuyar warkewa, kuma ba daidai ba ne a ce masa ya manta kawai. Doka ta buɗe hanya: kwana 21 na shigar da ƙara, kwana 180 ga kotun farko, kwana 60 ga kowane ɗaukaka ƙara. Abin da ke aiki a can shi ne takardar sakamakon rumfa mai sa hannu da shaidar wakilin da ya tsaya har aka gama ƙirga. Ɗaya hanyar mun ga inda ta kai. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe mutum fiye da 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa 12. Sakamakon zaɓen bai sauya ba ko da ƙuri'a ɗaya, kuma yawancin waɗanda aka binne talakawa ne.

Abin da ke hannun wanda ya faɗi

Mataki na farko shi ne mutum ya yarda abin ya yi masa zafi. Al'adarmu tana koya wa namiji cewa faɗuwar gaba asarar namiji ce, sai ya haɗiye, abin ya fito ta wata hanya: faɗa da iyali, hawan jini, ko, ga matasa, ƙwaya da sauran kayan maye da suka saba da su lokacin yaƙin neman zaɓe. Faɗa wa amini ko mata ko malami cewa "abin nan ya dame ni" yana rage kaifinsa.

Na biyu shi ne rage abin da ke fama mikin. Shirye-shiryen siyasa na dare a gidajen rediyon Kano da zaurukan WhatsApp da Facebook an gina su ne a kan zafi, masu yin su kuma da yawa sana'arsu ke nan. Wanda ke saurarensu har ƙarfe goma sha biyun dare yana sake faɗuwa zaɓen kowane dare. A ware musu lokaci kaɗan da rana, a ajiye waya kafin kwanciya.

Na uku shi ne komawa ga abin da hannu ke iya juyawa. Zaɓen gwamna na 2023 an yi shi ne 'yan kwanaki kafin azumi, wata biyu zuwa uku kafin shuka. Gona ba ta tambayar jam'iyya, haka ma ruwan Tiga da ke shayar da noman rani a wajen Bunkure da Kura. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, mai jar hula da mai tsintsiya farashi ɗaya suka tarar a gidan mai. Mutumin da ke da sana'a ko gona ko karatu da yake bi, faɗuwar zaɓe tana taɓa ɓangare ɗaya ne na rayuwarsa.

Na huɗu shi ne kada a bar gaisuwa ta mutu. Kwanakin farko su ne masu haɗari, domin idan aka yi mako biyu ba a gaisa ba, sai a fara jin nauyin farawa. A je suna, a je jana'iza, a tsaya sahu ɗaya. Ba sai an yi maganar siyasa ba.

Akwai kuma inda abin ke wuce nasiha. Idan mutum ya haura mako biyu ba barci, ba cin abinci, ya daina fita, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, ko ya fara maganar gara ya mutu, wannan rashin lafiya ce da ke da magani. A kai shi babban asibitin Rano ko wanda ya fi kusa, daga nan a iya tura shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Addu'a da ganin likita ba sa karo da juna. Mai hawan jini ko ciwon suga kuma ya auna kansa a irin waɗannan kwanaki, kada ya jira sai ya faɗi.

Nauyin da ke kan sauran

Ba wanda ya faɗi ne kaɗai ke da aiki ba. Ɗan takara yana da bashin da ya wuce kuɗi. Kalma ɗaya daga bakinsa tana iya kwantar da gari ko ta tayar da shi. Wayar da Goodluck Jonathan ya buga wa Buhari ranar 31 ga Maris 2015, tun kafin a kammala sanar da sakamako, ta sa ƙasar da ke cikin fargabar maimaita 2011 ta yi barci. A Kano ma Gawuna ya fito a ƙarshen Maris 2023 ya taya Abba murna, ko da yake jam'iyyarsa ta tafi kotu. Abin da har yanzu ba mu saba gani ba shi ne ɗan takarar da ya faɗi ya zagaya mazaɓu kamar yadda ya zagaya lokacin neman ƙuri'a, ya zauna da wakilan akwatinsa, ya gode musu, ya biya abin da suka kashe. Wanda ya yi haka ya yi jinyar mutanensa, ya kuma aza tubalin zaɓe na gaba.

Masu nasara su ma su sani cewa murna daban, cin fuska daban. A Kano an ga yadda murnar Maris 2023 ta kai ga ƙona dukiyar wasu, har da ta mawaƙi Dauda Kahutu Rarara. Wanda ya yi wa maƙwabcinsa kiɗa a ƙofar gida a watan Maris, a watan Satumba shi aka yi wa. Kansila ko shugaban ƙaramar hukuma da ya raba taki bisa jerin manoma, ya bar jerin 'yan jam'iyya, ya yi wa garinsa maganin da babu likitan da zai iya yi.

Sai kuma masu karanta wannan rubutu, waɗanda akasarinsu ma'aikata ne da 'yan boko da ke zaune a Kano ko Kaduna ko Abuja ko ƙasar waje, amma suna da murya a zauren WhatsApp na ƙungiyar ci gaban garinsu. Saƙon zambo da aka tura daga ofis mai sanyi, ƙane ko ɗan'uwa a ƙauye ne ke biyan kuɗinsa a kasuwa. Wanda ke da ilimi shi ya fi cancanta ya bayyana wa mutane abin da hukuncin kotu ya ce da abin da bai ce ba, ya kashe jita-jita tun tana ƙarama, ya kira ɗan'uwan da ya ji shiru daga gare shi tun ranar zaɓe. Ya kuma nuna cewa ana iya bin aikin asibitin mazaɓa ko rufin makarantar firamare a wurin duk wanda ke kan kujera, domin kuɗin na jama'a ne.

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma abu ɗaya tabbas ne tun yanzu: dubban ɗaruruwan mutanen Kano za su zaɓi wanda ba zai ci ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Limamai da masu unguwanni da shugabannin jam'iyyu na mazaɓa a Rano da Kibiya suna iya zama tun kafin ranar, su amince cewa ba za a yi wa kowa kiɗa a ƙofar gida ba. Mai shirin zuba dukiyarsa a tafiyar wani ya tambayi kansa ko zai iya jure rasa ta, in ba zai iya ba ya rage. Mai goyon baya kuma ya zaɓi mutum ɗaya daga ɗaya ɓangaren, ɗan'uwa ko maƙwabci, ya ƙudurta cewa ko wa aka bayyana, washegari da safe zai je ya gaishe shi.